Ina gyartai ya shiga? Muhawara kan zamanin ƙwarya da zamanin leda

Baban Halifa, Kano:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka haura hamsin: yaushe rabonku da jin kiran gyartai a lungu? Mutumin nan da ke yawo da 'yar basillarsa da zare, mata su yi ta miƙo masa ƙoren da suka tsage ta bakin zaure, ya zauna a dakali ya ɗinke su tsaf. Abin da ke damuna ya wuce ɓacewarsa shi kaɗai. A da, kaya ba ya mutuwa lokaci guda. Ƙwarya ta tsage a ɗinke, ta sake fashewa a fere ta ta zama marar kwasar tuwo, in ta lalace sarai ta koma sakainar kwashe toka. Gwangwanin madara ya zama aci-balbal ko na dafa alala. Zani ya tsufa ya koma ƙunzugun jariri, daga nan gammo, daga nan tsumman goge fitila. Tsohuwar taya takalmi ce, tsohon tif kuma gugar rijiya. Abin da ke isa juji sai toka da ɓawon gyaɗa da kashin awaki, shi ma da rani manoma su shigo birni da jakuna da mangaloli su kwashe, su kai gona. Yau yaro zai sayo ƙosan naira ɗari biyu, a sa masa a farar leda, a sa farar a baƙa, kokon ma a ƙulla masa a wata. Kafin rana ta ɗaga, gida ɗaya ya zubar da leda ta fi goma. Ni dai ina ganin mun yi asarar wani abu babba, kuma ba mu ma tsaya mun yi jimaminsa ba.

Malam Ɗanjuma Tela:
Wa alaikumus salam. Wallahi ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Ƙara da mai liƙin kwano da bokiti, da mai gyaran kwaɗo, da mai gyaran fitilar ƙwai. Keken ɗinkin da nake takawa yau Singer ne na mahaifina, Allah ya jiƙansa, ban taɓa canza masa komai ba in ban da bel da allura.

Hajiya Maman Sadiya:
Alhaji, na karanta har ƙarshe, kuma ban ƙi maganarka duka ba. Amma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma ku maza daɗin tuwon kuke tunawa, mu taɓarya muke tunawa. Ƙunzugun nan da ka ambata, wa yake wanke shi? Ni na wanke na ƙannena kafin na wanke na 'ya'yana, da ruwan da na jawo a rijiya mai gaba goma sha, da sanyin asuba, hannu duk ya tsattsage. A yi surfe, a wanke, a shanya, a yi niƙa a dutse ko daka a turmi, a tankaɗe, sannan a durƙusa gaban murhu da ɗanyen itace ido na zubar da hawaye. Iyayenmu mata da yawa sun tsufa da tari da ciwon baya da ba wanda ya tambayi dalilinsa. Ranar da injin niƙa ya zo unguwarmu guɗa aka yi. Don haka in za a yi begen da, a riƙa faɗin wanda ya ɗauki nauyinsa a ka.

Baban Halifa:
Gaskiyarki Hajiya, kuma Allah ya saka wa iyayenmu mata da Aljanna. Amma injin niƙa ai ba yar da shi ake yi bayan niƙa ɗaya ba. Inji ne, yana da makaniki, yana shekara ashirin. Ba da shi nake faɗa ba.

Abba Kurna:
Baba ku yi haƙuri in ɗan sa baki, ni ɗan 1999 ne. Kullum in aka tashi wannan hira mu ake ɗora wa laifi, yaran zamani kaza, yaran zamani kaza. To ai mu a cikin leda muka buɗe ido. Ba mu muka kafa kamfanonin roba na Sharaɗa da Bompai da Chalawa ba, ba mu muka daina sayen tulu ba. Sannan masu gyara ba su ƙare ba fa. Ku shiga Farm Centre ku ga matasa nawa ke cin abinci da gyaran waya, yaro zai buɗe wayar da aka ƙera a China ya canza mata abin da ko ganinsa da kyar ake yi. Ga 'yan gwangwan, ba ƙarfen da ke kwana a bola yanzu. Gyartai bai mutu ba, sana'a ya canza.

Baban Halifa:
Ɗana Abba, ban ɗora muku ba, mu muka karɓi abin hannu bibbiyu. Kuma na yarda da batun masu gyaran waya, Allah ya yi wa sana'arsu albarka. Sai dai ka lura, ɗan gwangwan ƙarfe yake bi da gorar ruwa da dalma, saboda suna da nauyi a sikeli. Baƙar ledar nan da ta sha miya, wa ka taɓa gani yana tsinta?

Tsohon Malamin Asibiti:
Ni a ɓangaren lafiya na yi aikina har na yi ritaya, yawanci a ƙauyuka, don haka in ana yabon ruwan da, jikina ba ya ba ni. Waɗanda suka tashi a birni da famfo ba su san kurkunu ba. Mu mun gan shi. Mutum zai sha ruwan kududdufi ko tafki, sai bayan kusan shekara ƙafa ta yi ƙurji, ta fashe, farar tsutsa ta leƙo. A riƙa naɗe ta a jikin tsinke kaɗan-kaɗan kullum, don in ta tsinke a ciki an shiga uku, kuma tana iya kai tsawon mita guda. Ga shi da damina take fitowa, daidai lokacin noma, sai ka shiga gida ka tarar da magidanci da 'ya'yansa uku a kwance, gona ta zama ta ciyawa. Ƙidayar da aka yi a 1988 ta samu mutum sama da 650,000 da cutar a Najeriya. Sai da aka yi shekaru ana haƙa burtsatse, ana raba ƙyallen tace ruwa, Janar Yakubu Gowon da kansa ya riƙa shiga ƙauyuka tare da cibiyar Carter, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ƙasar ta rabu da ita. Ga agana da ta bar wa mutane zane a fuska, ga baƙon dauro da ke shiga unguwa ya ɗebi yara. Sannan moɗar nan ɗaya da ke kan randa, mai tari ya sha, yaro ya sha, baƙo ya sha, kowa ya tsoma hannu. Ina son ruwan randa, har gobe shi nake sha a gidana. Amma fiya wata, in na kamfanin kirki ne, ya hana amai da gudawa a wurare da yawa, ba zan ɓoye wannan ba.

Anti Bilki:
Malam, "in na kamfanin kirki ne" ɗin nan ita ce maganar. Wani a bayan gidansa yake ƙullawa ya buga lambar NAFDAC ta ƙarya, sannan a jibge shi a rana kwana da kwanaki, in ka sha har ɗanɗanon ledar kake ji.

Sarkin Fawan Unguwa:
Jama'a ni ba dogon ilimi gare ni ba, amma abin da hannuna ke taɓawa kullum zan faɗa. Da can in muka farke tumbin saniya ko tunkiya, ciyawa ce da dusa, a juye a wanke. Yanzu dabbar da ta yi kiwon gari, da wuya ka buɗe ba ka samu leda ba. Ba guda ɗaya ko biyu ba, curi guda, ta murɗe da igiya da tsumma ta yi tauri, sai ka sa hannu biyu ka ɗago ta. Tun kafin yanka ma muna ganewa: ciki ya yi tulu, ƙugu ya bushe, gashi ya tashi, ana ba ta abinci tana ci ba ta ƙiba. Abin tausayin, yawanci dabbar matan aure ce ko ta tsohuwa da ta tara kuɗin adashe ta saya don Babbar Sallah. Sai a kira mu da gaggawa a yanka kafin ta mutu, a sayar da rabin kuɗi. Ledar da aka ƙulla gishiri ko miya ko ƙanzo ita suka fi haɗiya, don suna jin ƙanshin a jiki.

Manomi daga Gezawa:
Sarkin Fawa ya faɗi nasa, ga nawa. Mu na kewayen Kano tun kakanni da takin birni muke noma, shi ya sa gonakinmu ba sa hutawa amma ba su gaji ba. Jaki ya shiga da itace ko kara, ya fito da taki. Yau tifa muke saya, kuma in aka juye sai ka ɗauki yara kwana biyu suna tsince leda da fasassun kwalabe da batir da famfas, wani lokaci har allurar asibiti. Duk tsintar da za a yi ba ta ƙarewa. In ka sa garma sai ka ji ta sarƙe, ka ɗago ledar da aka binne shekara biyar tana nan yadda take, rubutun jikinta ma bai goge ba. Inda ta kwanta ruwa ba ya ratsawa, saiwar gero in ta iske ta sai ta lanƙwashe. Ga takin zamani ya yi tsadar da ba kowa ke iya buhu ba. Da sharar birni arziki ce a wurinmu, har rige-rige ake yi.

Hajiya Maman Sadiya:
Subhanallahi. Wannan kam ban taɓa kawo shi a raina ba. Allah ya kyauta.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu ma nan haka abin yake. In ka fito bayan gari ka dubi itatuwan ƙaya, duk baƙar leda ce ta maƙale tana kaɗawa. Gwamnatinmu ta yi doka tun 2014 ta hana shigo da ita da sayar da ita, amma je kasuwa ka sayi tumatir na dala ashirin ka ga cikin me za a ba ka. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, su kuma sun tsaya a kan dokarsu. Abin da ya rage mana na daɗi shi ne har yanzu ana ginin tukwane a garin Miriya da ke kusa da mu, kuma mutane na saye, don wutar lantarki ba ta da tabbas, randa kuwa ba ruwanta da ɗauke wuta.

Tsohon Malamin Asibiti:
Ka tuna mini. Wani malami a Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya ɗauki hikimar nan ta tukunya ya inganta ta: ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan na tsotsewa ta jikin tukunyar waje yana tafiya da zafi, sai kayan miya su yi kwanaki ba su lalace ba. Har lambar yabo ta Rolex ya samu a 2000. Ga randa mai famfo a gindi da murfi, wadda ba sai an tsoma moɗa ba. Irin wannan nake so, a riƙe na da, a cire masa cutar.

Inna Ta Zango, Kumasi:
Ina gaishe ku duka. Mu nan har yanzu akwai masu sayar da shinkafa da wake a ganye, kuma duk wanda ya saba zai gaya maka ɗanɗanon ba ɗaya ba ne da na roba. Goro ma da kakanninmu suka yi fataucinsa zuwa Kano, ai a ganye ake yin huhunsa, ana yayyafa ruwa, ya yi wata da watanni a hanya bai bushe ba. Sa shi a leda ka ga kwana nawa zai yi bai ruɓe ba.

Anti Bilki:
Ni fa duk wannan maganar kaya ce, abin da ya fi tsaya mini a rai dare ne. Farin wata ya fito, an ci tuwo, sai ka ji tafi daga dandali. 'Yan mata a gaɗa, maza a langa, ƙanana mu kewaye kaka tana "ga ta nan ga ta nanku", mu ce "ta zo mu ji ta", har barci ya kwashe mu ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma. 'Yartsanata da ƙashi aka yi ta, na yi mata kitso da zare, na ɗinka mata zani da ƙyallen da na roƙo wurin tela. Yayyena maza su fere kara su yi mota har da ƙofa mai buɗewa, ko su yanka gwangwani su yi mata taya da tsohon silifa. Goma ga azumi a fita tashe. Ba wanda ya saya mana abin wasa, kuma ban tuna ranar da muka ce mun rasa abin yi ba. Jikokina kuwa an sayo musu mota mai batir, kwana uku ta karye, suka koma kan wayar uwarsu. Ɗaki ɗaya, mutum biyar, ba mai ce wa wani uffan.

Abba Kurna:
Anti, yanzu ko an ce mu fita dandali ina dandalin? Filin unguwarmu an yanka shi an yi shaguna. Kuma wace uwa ce za ta bar 'yarta a waje bayan isha'i da halin da ake ciki na tsaro da masu ƙwacen waya? Ba wayar ce kaɗai ta shigar da mu ɗaki ba.

Anti Bilki:
Wannan gaskiya ne ɗana. Ni ma ba na barin nawa.

Hajiya Maman Sadiya:
Kuma a bar wayar nan ta huta. Kafin GSM ta zo a 2001, in mutum ya yi tafiya sai dai wasiƙa, wanda bai iya boko ba ya je bakin gidan waya ya biya a rubuta masa, sirrinsa duk a kunnen wani. Ko a ɗauki murya a kaset a ba matafiyi. Rasuwa kuwa sai a ji ta a sanarwar rediyo, ko ɗan aike ya iso bayan an yi bakwai. Yayata aure ya kai ta Sudan, mahaifiyarmu ta rasu ba ta ƙara jin muryarta ba. Ni yau 'yata tana Legas, kullum sai na ga fuskar jikana. Ba zan ce da ta fi yau ba a nan.

Baban Halifa:
Allah ya jiƙan Inna, Hajiya. Bari in tattara abin da nake nufi, don kada a ɗauka kurkunu da dutsen niƙa nake kira su dawo. Waya, inji, allurar rigakafi, burtsatse, duk ni'ima ce. Kukana a kan abin da aka ƙera shi musamman don a yar ne. Ƙwarya manomi ne ya shuka duma, wani ya fafe, wani ya yi mata zane, gyartai ya ɗinke, in ta ƙare ƙasa ta cinye. Mutum huɗu sun ci abinci, kuɗin bai bar garin ba. Haka maginin tukunya, masaƙin tabarma da faifai, maƙeri, dukawa. Robar da ta maye gurbinsu ta fi araha ranar saye, wannan ba musu. Amma sauran kuɗin ana biyansa daga baya, kuma ba wanda ya saya ne ke biya ba. Tsohuwar da tunkiyarta ta mutu ita ke biya, da manomin Gezawa, da mutanen da ruwa ke shiga ɗakunansu duk damina saboda Jakara da Kwarin Gogau da ƙananan kwatoci sun toshe. Haka muka yi da tufafi: masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, muka koma atamfar da wanki uku ke kashe ta. Ku ɗauki naira ashirin ku juya bayanta, Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya. Mun girmama ta a kuɗi, amma yara nawa ne a cikinmu za su yarda ɗansu ya koyi sana'arta?

Malam Ɗanjuma Tela:
Ba ko ɗaya. Ni ma da ƙyar nake samun yaran koyo, kowa so yake a ba shi babur.

Abba Kurna:
To Baba mene ne abin yi? Legas ta hana robar tekawe ta soso a farkon 2024. Mu jira gwamnati ke nan?

Baban Halifa:
Doka tana da kyau in za a bi, amma ka ji abin da ɗan uwanmu na Damagaram ya ce. Ni a gidana na fara da abu biyu. Yaro ba ya fita sayen koko ko wake da shinkafa sai da kwano mai murfi, cefane kuma da kwando. Na biyu, walima da suna, na koma amfani da tire. Da can tire ake fitowa da shi, mutum biyar su kewaye, a ci a wanke hannu a yi addu'a. Yanzu kowa a miƙa masa tekawe da fiya wata, wani ko zama ba ya yi, washegari layin ba ya shiguwa.

Hajiya Maman Sadiya:
Alhaji, mun dawo inda muka fara. Tire hamsin da kofi ɗari, wa zai wanke? In amsar ita ce matan gida da suka kwana a kan tukunya, to ni tekawe zan saya, kuma ba zan ji kunya ba.

Manomi daga Gezawa:
Hajiya, a garinmu ƙungiyar matasa ce ke da tire da kofunan silba da manyan tukwane, suna ajiye a shagon masallaci. Mai sha'ani ya ba da ɗan abin sabulu ya ɗauka, kuma samarin da suka yi rabon abinci su ne ke wankewa a bakin burtsatse kafin su mayar. Mata ba sa taɓawa. In tire ya ɓata, mai sha'ani ya biya.

Abba Kurna:
Wannan mai yiwuwa ne. Muna da ƙungiya a layinmu, kujeru da rumfa muke bayarwa haya. Baba na Gezawa, tire nawa kuka fara da shi, kuma nawa kuke karɓa? Zan kai maganar zamanmu na ranar Juma'a.

Manomi daga Gezawa:
Da talatin muka fara, karo-karo aka yi bayan girbi. Kuɗin sabulu ba mu yanke ba, kowa da ƙarfinsa, gidan rasuwa kuma ba ma karɓar ko kwabo. Ka sayi na silba mai kauri, kada ka yarda da mai sharan-sharan, kuma ku sa maƙeri ya buga muku alama a gindin kowanne, in ba haka ba rabi zai narke a cikin gidaje tun bikin farko.

Hajiya Maman Sadiya:
In dai samarin za su wanke da gaske, Abba ka zo ka karɓi tire biyar a cikin na jerena, suna nan a kabad tun aurena ba abin da suke yi. Amma da sharaɗi, ranar farko ni zan zo in duba wankin.